Ludayin Sarkin Rafi

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. Iro mai shayi ya tambaye ni, Ɗan'azumi ya tambaye ni, har matar maƙwabcina ta leƙo ta katanga tana son ta ji wai da gaske ne an ɗaure ni a can. Ba a ɗaure ni ba. Amma yadda aka yi na tafi don kwana huɗu na yi kusan sati uku, na tafi da famfon feshi sabo fil na dawo da tulu biyu da tafin hannu duk kanta, yau zan faɗe shi gaba ɗaya, kowa ya ji, a ƙyale ni in sha shayina cikin kwanciyar hankali.

Kun dai san shekarar, farin nan ne da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya. Mu nan Allah ya rufa mana asiri da dam. Ruwan ya ja baya amma bai ƙafe ba, muna ta noman tumatir ɗinmu. Yayata Hajo kuwa tana aure can arewa, wani ƙauye da ake kira Kwarin Goriba, gaba da Zinder ta hanyar Takaya. Ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu, ita ta riƙa tauna abinci tana sa min a baki, don haka ba ni da uwar da ta wuce ta. Mijinta Malam Abari Badamagare ne mai jinin Barebari, da can yana zuwa garinmu cirani da kanwa da dabino, a nan ya ganta ya ɗauke mana ita. Har yau ban yafe masa ba, kuma ya sani.

Baba ya kira ni ya ce, "Sabo, ɗauki buhun masarar nan ka kai wa 'yar uwarka. Ka gano min ita da idonka, kada ka dawo min da an ce."

A wasiƙarsu ta ƙarshe sun ce gero bai yi ba, gwamnatinsu ta ce kowa ya koma noman rani, su ma sun kafa lambu. Da na ji haka sai dariya ta kama ni. Damagarawa da lambu! Na ce bari in je in koya musu aiki. Na sayi famfon feshi irin na goyo, na cika kwalba da maganin ƙwarin da muke yi wa tumatir, wannan mai fari kamar nono idan ya haɗu da ruwa, na naɗe ta da tsumma na cusa a ƙasan jakata. Baba bai san da wannan tsarabar ba.

Daga Kazaure na shiga a-kori-kura zuwa Daura, daga Daura wata ta kai mu iyaka. Famfon yana kan cinyata, hannunsa yana tsokanar wata tsohuwa a haƙarƙari duk sanda muka faɗa rami. Ta yi haƙuri har ta gaji, ta ce, "Ɗan nan, ko dai ka riƙe jaririn naka da kyau, ko ka ba ni in goya maka." Motar ta ɗauki dariya, daga nan har iyaka sunana mai jego.

A ɓangarensu wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo baƙi mai hula a karkace, ya zagaya kayana ya tsaya a kan famfon. Ya ce mene ne wannan. Na ce na feshi ne. Ya ce in nuna masa. Ni kuwa dama abin da nake jira ke nan. Na juye ruwan butata a ciki, na goya, na buga hannun sau biyar, na yi ta watsa ruwa a kan yashi ina juyi kamar mai rawa, ina jiran a yaba. Ba wanda ya yi dariya. Mutanen da ke zaune a inuwa suka bi ruwan da ido har ƙasa ta shanye shi. Ma'aikacin ya ce, "Mushe, ka gama? To da me za ka yi alwalar azahar?" Ya miƙo min takardata ya ce in wuce. Ranar taimama na yi, ga famfo a bayana.

Daga nan hanya ta daina ba ni dariya. Mu muna hawa arewa, mutane suna gangarowa kudu, da jakuna da tabarmi da yara, wasu da raƙumi ɗaya da ƙashin bayansa ya fito. Mushen shanu kuwa har na daina ƙirgawa. Na shiga tunanin Yaya, na ce Allah ya sa ba mu yi saɓani da ita a cikin waɗannan ba.

Mun shiga Zinder da la'asar. Malam Abari ya taɓa ce min duk ranar da na zo in nemi gidan kawunsa Alhaji Brah a Zango, mai shagon atamfa. Na same shi a ƙofar shago, tsoho mai fara'a. Da jin bakina ya ce, "A'a, Bakano ne! Ku ɓoye kaya." Na ce, "Alhaji, me za a sata a garin da ko ruwa babu?" Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce lalle wannan ƙanen Hajo ne.

Ashe maganar da na yi da wasa gaskiya ce. Famfon ruwan unguwar ya kwana biyu bai zubo ba, 'yan ga-ruwa kuwa sai ka yi musu magana tun jiya. Na ce ina son in watsa ruwa. Aka kawo min wani ɗan kwano, wanda a gidanmu da shi ake ba kaji ruwa, da wani faffaɗan daro babu komai a ciki. Na tsaya ina jiran a cika daron. Alhaji ya ce, "Me kake jira? Shiga ciki ka tsaya, ka yi wankan da na kwanon. Wanda ya taru a daron kada ka zubar, na bishiyar lemun can ne." Haka na tsaya a cikin daro, ƙato da ni, kamar jaririn da za a yi wa wankan suna. Da na fito matar gidan ta leƙa daron ta ce wa mijinta, da ƙarfi don in ji, wai Kanawa ko dauɗarsu ta fi ta mutane yawa, bana lemun zai yi 'ya'ya.

Abinci kuwa tuwon jar dawar taimako ne, mai kamar an dafa bulo, da miyar kuka. Da safe aka ba ni shayi da burodinsu, dogo siriri mai tauri. Na ce wa Alhaji wannan in an gama karyawa ana iya korar akuya da ragowar. Ya ce ai shi ya sa ba a ba Bakano guda, kada ya kafa kasuwa da shi.

Wata babbar mota mai zuwa Takaya ta sauke ni a wata mararraba, wani mai jaki ya taimaka min da buhun. Muka yi ta tafiya cikin yashi, ba kore ko na magani, sai da muka hau wani tudu na hango kwarin a ƙasa: goriba da dabino, da ɗan kore shimfiɗe a tsakiya. Ban san sanda na ce alhamdu lillahi ba.

Yaya ta rame, wuyanta ya yi tsawo, amma tana nan da bakinta. Ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kuka tana cewa, "Auta, kai ne ka yi wannan tumbin?" Malam Abari ya fito yana cewa wa ya bar ƙofa a buɗe Bakano ya shigo. Aka sauke masara, aka yi ta sa wa Baba albarka. Sai na ce to, saura babbar tsaraba. Na ajiye famfon a tsakar gida, na zaro kwalbar na warware tsumman.

Dariyar Malam Abari ta ɗauke. Yaya ta waiga ƙofa, ta fizge kwalbar ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce, "Wa ya gan ka da wannan?"

Na ce, "Yaya, magani ne fa, ba giya ba."

Malam Abari ya zaunar da ni ya yi min bayani. Babbar rijiyar gari ta ƙafe tun bara. Yanzu duk garin, mutum da dabba, daga ƙananan rijiyoyin lambu suke sha, waɗanda zurfinsu bai wuce gaba biyu ba. Kowane gida an yanka masa fili a kwarin, kuma akwai doka ɗaya da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk wanda ya shigar da maganin feshi kwarin, an karɓe filinsa. Ya ce, "Sabo, ka ga rumbuna, ko ɓera ya daina shiga. Lambun nan shi ne abincinmu har damina, in Allah ya kawo ta. In aka karɓe, sai mu bi waɗanda ka gamu da su a hanya."

Na ce to wa zai sani? Ya ce Sarkin Rafi. Tsohon yana da ludayi, kuma ba ya faɗar ranar da zai fito. Duk safiyar da ya ga dama sai ya bi rijiya rijiya, a ja ruwa a gabansa, mai rijiyar ya fara sha ludayi guda, sannan shi ma ya sha. Wai tun wata shekara da aka yi fara, wani ya wanke buhun maganin fara a bakin tafki, awaki suka mutu, wata yarinya ta tsira da kyar, tun daga nan aka kafa wannan al'ada. Na yi dariya na ce wato ku sarkinku aikinsa shan ruwa. Malam Abari ya ce, "Ƙwarai. Naku fa, aikinsa me?"

Washegari suka kai ni lambun, na ga abin mamaki. Mu nan in za mu yi ban ruwa sai mu fasa magudana mu tafi hira, mu dawo mu tarar fili ya zama tafki. Su kuwa tulu suke binnewa har wuya a tsakiyar shuka, irin wanda bai gasu sosai ba, su cika shi su rufe bakin da sakaina. Ruwan yana tsattsafowa a hankali ta jikin tulun, saiwa tana sha a ƙasa, rana ba ta samun ko ɗigo. Sai bayan kwana biyu ko uku a ƙara. Na tona gefen wani tulu da yatsa na ji danshi, saiwoyi sun rungume shi. A raina na ce lalle wannan dabara ce, amma a baki na ce aikin rowa ne.

Wajen ƙwari ne na kasa haƙuri. Kabejin Malam Abari, su shu suke ce masa, ya fara naɗewa gwanin sha'awa, ga tsutsa ta sa shi gaba. Me suke yi? Su daka 'ya'yan dogon yaro da barkono, su jiƙa ya kwana, su tace, su yayyafa da tsintsiya. Su barbaɗa toka. Da sassafe kuma mata su bi ganye ɗaya ɗaya suna tsince tsutsa da hannu suna tarawa a gwangwani, a kai wa kaji. Na ga Yaya, da shekarunta, a durƙushe tana wannan aikin. Na ce, "Yaya, abin da kike yi tun wata biyu, kwalbar can za ta gama shi kafin a tafasa shayi." Ta ce, "Na ji. Miƙo min gwangwanin."

A nan na fara ganin Sarkin Rafi, wani ɗan tsamurmurin tsoho da sanda, ludayin yana rataye a wuyansa da igiya kamar laya. Na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, an ce kai ne mai ɗanɗana ruwa. Yau wanne ya fi gishiri?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baƙon Abari ne? Bakano? To Allah ya tsare mana guga." Ya wuce abinsa.

Ranar Juma'a maza duk suka tafi masallaci a wani gari da ke gaba, mata kuma suna gida, don ba a aikin lambu ranar in an gama na safe. Na ce wa Malam Abari cikina yana murɗawa, kuma dai ni matafiyi ne, Juma'a ba ta hau kaina ba. Ya ce Kanawa ba sa rasa fatawa. Suna ɓacewa, Yaya ta shiga maƙwabta kitso, na jawo kwalbar, na sa famfon a buhu na zagaya ta bayan gari.

Wallahi niyyata alheri ce. Na ce in yi sau ɗaya, tsutsa ta mutu, Yaya ta huta, in na koma gida in aiko musu da wasiƙa in ce to kun ga aikin Bakano. Na haɗa maganin nesa da rijiya, na kula sosai, na bi kabejin layi layi na feshe shi tas. Ko rabin sa'a ban yi ba.

Sai na yi abin da nake yi kullum in na gama feshi, abin da Iro yake yi, Ɗan'azumi ma yake yi. Na je bakin ruwa in wanke famfo. Ko tunani ban yi ba, hannuna ne ya yi. Na ja guga na zuba a tankin, na girgiza, na tuntsurar a nan bakin rijiyar, kamar yadda muke tuntsurarwa a magudana ruwa ya tafi da shi. Na sake na biyu. A na uku ne na lura ruwan ba ya tafiya ko'ina. Yashi ya shanye wani, sauran kuwa ga shi fari fat yana bin jikin itacen da aka kafe bakin rijiyar da shi, yana ɗiga ciki. Na leƙa na ga farin yana baɗuwa a kan ruwan.

Innalillahi. Na kama guga na yi ta ja ina zubarwa, na ja ya fi ashirin, a garin da ake wanka da kwanon kaji. Farin ya ɓace, amma in ka sa hanci warin yana nan. Na tattara yashi busasshe na rufe wurin, na koma gida na kwanta na ja mayafi. Ciwon cikin da na ƙirƙira da safe ya zo da gaske.

Na yi ta lallashin kaina. Randar gida cike take tun safe, ba mai zuwa rijiya sai gobe. Kafin gobe ruwa ya sake tsattsafowa ya wanke. In ma Sarkin Rafi ya fito, ai Malam Abari ne zai sha, shi kuwa mutumin da ya ƙoshi da kanwa tun yana yaro, ludayi ɗaya ba zai yi masa komai ba. Ku ji fa irin lissafin da na yi wa mijin yayata. Na san in na faɗa an karɓe filin, don haka na ja bakina na yi gum.

Da asuba Malam Abari ya ɗaura wa jaki akumari ya tafi Takaya, wai ana rabon dawar taimako. Yaya ta ɗauki tulu da gwangwani ta ce in zo in raka ta in cikin ya lafa. Na bi ta ina shirya yadda zan karɓi tulun in ya cika, in yi tuntuɓe da gangan in fasa shi. Ita kuwa mura take yi, hancinta a toshe, ba ta jin warin komai.

Muna shiga ta tsaya cak. Tsutsa ce a ƙasa birjik, duk sun mutu. Ta ce, "Ikon Allah! Auta, zo ka ga dogon yaron da kake rainawa." Ta durƙusa za ta kwashe wa kaji. Na yi tsalle na hau kansu da takalmi ina murjewa ina cewa ai mushe ne, ba kyau a ba kaji mushe. Ta ɗago ta dube ni. Yaya ta san fuskata tun ina cikin zani, na ga ta fara karanta ni.

Ba ta kai ga magana ba muka ji sallama. Sarkin Rafi ne, da mutum biyar ko shida a bayansa, yana kwance ludayin daga wuyansa. Ga rijiyoyi fiye da goma a gabansa, ya tsallake su duka ya zo tamu.

Ya ce, "Ina Abari?"

Yaya ta ce ya tafi Takaya.

Ya ce, "To uwar gida ta tsaya masa. Ja mana."

Ban taɓa kawo wannan a lissafina ba. Yaya ta jefa guga ta jawo, tsohon ya cika ludayin ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu. Ta dube ni sau ɗaya, sannan ta kawar da kai, ta yi bisimilla. A lokacin na gane ta riga ta sani, kuma sha za ta yi. Za ta sha don kada a karɓe filin, za ta sha don kada a ce ƙanenta ne. Hannun nan da ya riƙa sa min abinci a baki shi ne yake ɗaga ludayin.

Ban san sanda na kai masa duka ba. Ludayin ya yi sama ya faɗa cikin kabeji. Na ji muryata tana cewa, "Kada ki sha! Ni ne, ni na yi feshi jiya, na wanke famfo a bakin rijiyar. Ba ta sani ba, mijinta bai sani ba, sun hana ni ma." Ina faɗa ina kuka, ƙato da tumbi, a gaban Damagarawa.

Yaya ta zauna a ƙasa daɓas ta ce, "Auta, ka kashe mu."

Wannan kalmar har yanzu in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Aka jira Malam Abari ya dawo da yamma, aka taru a gindin goriba. Bai ce min komai ba, ko Bakano bai ce ba, wannan ya fi min zagi ciwo. Wasu suka ce doka doka ce, a karɓe filin. Maƙwabcinsa na gabas ya fi kowa zafi, kuma da gaskiyarsa, don rijiyarsa taku kaɗan ce daga tamu. Ni dai na ce ni baƙo ne mara hankali, a yi min duk abin da za a yi, a bar musu filinsu.

Sarkin Rafi ya bari kowa ya gama. Sannan ya ce rijiyar Abari ta mutu, a cike ta. Yashin bakinta a kwashe a kai bayan tudu. Rijiyoyi biyu na kusa a rufe su, ba sha ba ban ruwa, sai ya ce a buɗe, masu su kuma su ɗiba a na 'yan uwa. Kabejin da aka fesa a tuge shi a binne, ko akuya kada ta taɓa. Ya ce, "Fili kuwa yana nan hannun Abari, don an yi magana kafin ludayi ya kai baki. Amma wanda ya kashe rijiya shi zai haƙa wata. Kuma shi zai fara sha."

Ni na tuge kabejin da hannuna, Yaya tana tsaye tana kallo. Wata biyu tana tsince masa tsutsa, saura kwana kaɗan a fara ci. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce in bi a hankali kada in fasa mata tuluna.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina haƙa a can ƙarshen filin, yashi yana rushewa ina sakewa, wani tsoho mai kafa itace yana nuna min yana yi min tsiya. Mata in za su wuce sai su leƙo su ce, "Bakano, an kai Kano ko da saura?" A kwana na huɗu Malam Abari ya zo ya tsuguna a baki ya miƙo min fura, ya ce, "Sha, ɓarawon rijiya." Da na ji haka na san ya huce. Ranar da ruwa ya tsattsafo ya kwanta, Sarkin Rafi ya cika ludayi ya ba ni. Ruwa ne mai ɗan laka da ɗan kanwa-kanwa, amma ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba.

Da muka keɓe na tambaye shi yadda aka yi ya tsallake rijiyoyi ya zo tamu. Ya ce, "Tun daga kan tudu na ji wari. Kuma na ga inda aka zubar da ruwa guga ashirin. A garin nan ba mai wannan haukan sai baƙo."

Na ce, "To da na yi shiru fa, ranka ya daɗe? Sai ka bari ta sha?"

Ya ce, "Sandata tana kusa da hannunta fiye da naka. Ba za ta sha ba. Amma da yau suna hanyar kudu, kai kana gaba da buhunka."

Kwalbar an binne ta can cikin tudu inda ba ruwa. Famfon kuwa Sarkin Rafi ya hana ni, ya sa an rataye shi a jikin goribar da ke bakin kwarin, kuma sun raɗa masa suna Bakano. Yanzu in yaro ya zubar da ruwa sai uwarsa ta nuna masa ta ce, so kake a rataye ka kusa da Bakano? Ranar da zan taho Yaya ta ba ni tulu biyu ta ce in gwada a tumatir ɗina. Ta raka ni har kan tudu, ta kama kunnena ta murɗe kamar ina ɗan shekara biyar, sannan ta ce in gaida Baba, in ce masa tana nan lafiya, kada in faɗa masa sauran. To ga shi na faɗa wa duniya.

Ranar da na fara ba da labarin nan a teburin Iro, an yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Aka yi ta cewa Damagarawa sun mayar da Sabo mahaƙin rijiya, wai mutanen da ke tsoron ɗan maganin da muke wanke hannu da shi. Na bari suka gama. Dama na zo da buta a hannuna. Na ɗauki kofi ɗaya a teburin na cika shi na ajiye a tsakiya. Na ce wannan daga magudanarmu na ɗebo shi yanzu, daidai ƙasan inda muke wanke famfo, inda wani lokaci kifi ke tasowa ciki sama yara su kwashe mu ce rabo ne. Na ce ga shi, wa zai fara?

Ɗan'azumi ya ce shi azumi yake. Ranar Talata ce, kuma ga goro a bakinsa.

Iro ya yi tsaki ya ce, "Kai Sabo, ka cika neman magana. Ai ba mu muke shan wannan ba, mu rijiya muke sha. Mutanen ƙasan gari ne ke ɗiba."

Kowa a wurin ya san can ƙasan garin aka kai Safiya, 'yarsa ta fari, aure bara da kaka, kuma kowa ya ci tuwon sunan ɗanta. Iro ya tsaya da butar shayi a hannu yana kallon kofin, har wutar ta cinye ba a ƙara gawayi ba.